"Ai Tiyori Ne Kawai": Littafin Farawa da Darasin Juyin Halitta

In Littafi Mai Tsarki yana kusa, ku buɗe Farawa sura 1 da sura 2 ku ajiye a gabanku, gama za mu koma wurinsu kafin mu gama.

Kowace shekara yaranmu na aji na ƙarshe a sakandare sukan kai wani babi a littafin bayoloji wanda ake kira ibolushan, wato juyin halitta. A nan ake koya musu cewa duniya ta daɗe ƙwarai, cewa masu rai suna sākewa daga tsara zuwa tsara, kuma dukansu asalinsu ɗaya ne. WAEC da NECO sukan yi tambaya a kai. Yaro ya dawo gida ya ce, "Baba, malaminmu ya ce kaza, amma a makarantar Lahadi an ce mana kwana shida. Wanne ne gaskiya?"

Amsa biyu aka fi bayarwa a gidajenmu. Ta fari ita ce tsawa. Ta biyu, wadda ake gani ta fi hikima, ita ce: "Ai tiyori ne kawai. Rubuta musu abin da suke so ka ci jarrabawa, amma kada ka gaskata." Tsawa tana koya wa yaro cewa ikilisiya tana tsoron tambaya. Amsa ta biyu kuwa tana koya masa ya rubuta da hannunsa abin da aka ce masa ƙarya ne domin neman maki. Sa'an nan ranar da ya tafi Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko jami'a a Jos ko Zariya, ya ga shaidun da idonsa, sai ya ce ashe iyayena ba su faɗa mini gaskiya ba. Wanda ya kai wannan matsayi ba ya tsayawa a kan kwana shida kaɗai. Yakan fara shakkar gicciye da tashi daga matattu ma, domin baki ɗaya ne ya koya masa dukansu. Wannan ne ya sa muka ɗauko maganar.

Bari mu fara da kalmar kanta. A bakin mutanen kasuwa, in an ce abu tiyori ne, ana nufin zato ne, ko surutun wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. A bakin masu kimiyya kalmar tana da wani nauyi dabam. Zato na fari, wanda ba a gwada ba tukuna, shi ne hasashe. Tiyori kuwa bayani ne mai faɗi wanda ya haɗa abubuwa da yawa da aka gani aka auna, aka yi ta gwada shi ta hanyoyin da za su iya kā da shi, bai fāɗi ba. Cewa ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani su ne suke kawo cututtuka, har yau sunansa tiyorin ƙwayoyin cuta. Robert Koch ya nuna ƙwayar tarin fuka a 1882, Ronald Ross kuma ya sami ƙwayar zazzaɓi a cikin cikin sauro a 1897. Amma ba uwar da za ta ƙi tafasa ruwa a lokacin amai da gudawa ta ce ai tiyori ne kawai.

Ga misali daga gonakinmu. Manomi yakan tsinci wani dutse mai santsi, baki ɗaya da kaifi, Hausawa suna kiransa gatarin aradu. Bayanin dā shi ne, tsawa ce ta jefo shi daga sama. Bayanin yana da ma'ana a idon mai gani, gama bayan ruwan sama ya wanke ƙasa ne aka fi samunsa. Amma da aka bincika, sai aka ga dutsen irin na ƙasar nan ne, aka sami duwatsun da aka wasa shi a kai, aka same shi tare da fasassun tukwane da toka a tsofaffin kufai, aka kuma tarar da mutane a wasu ƙasashe suna sassaƙa irinsa suna sare itace da shi. Bayani na biyu, cewa hannun mutum ne ya yi shi, ya amsa dukan waɗannan. Na fari bai amsa ko ɗaya ba. Haka ake auna bayani a kimiyya: wanne ne ya fi ɗaukar shaidu, kuma me za a gani da zai nuna kuskure ne?

Ba sai mun tafi Turai ba kafin mu ga yadda wannan aiki yake tafiya, gama an yi shi a ƙofar gidanmu. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham, suka tono wani ɗan kai na yumɓu gasasshe. A wajen 1943 aka sami wani kai a ma'adinan kuza kusa da Jema'a. Wani akawun wurin ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa shi mutum-mutumi, kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wani jami'in Ingila a Jos wanda ya karanta ilimin tona kayan tarihi. Fagg ya ga kamannin kawunan biyu, ya roƙi masu haƙa su riƙa kawo abin da suka samu, daga baya kuma ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Ya ƙiyasta cewa mutanen Nok sun yi zamani daga wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu zuwa shekara 200 bayanta. Wannan lissafi ya zauna a littattafan makaranta shekaru da yawa.

Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi ta tono tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya. Suka auna ƙonannun ƙwayoyin gero da gawayi daga wurare masu yawa. Abin da suka samu ya gyara lissafin Fagg: mutanen sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin Almasihu, gumakan yumɓun sun fara bayyana wajen shekara 900 kafin Almasihu, al'adar kuma ta shuɗe kusa da lokacin haihuwarsa. Wato sa'ad da annabi Ishaya yake wa'azi a Urushalima, akwai masu ginin yumɓu a tuddan nan namu suna noman gero da wake. Har alamar zuma an samu a jikin tukwanensu. Ku lura, ba wanda ya kori masu binciken domin sun gyara Fagg. Gyaran shi ne aikin.

Ta yaya suke sanin shekarun? Kowane tsiro mai rai yana shan wani irin kabon daga iska wanda ake kira kabon 14. Ranar da tsiron ya mutu, shan ya tsaya, abin da ke ciki kuma ya fara raguwa a kan ma'auni tsayayye: rabinsa yakan tafi cikin shekara 5,730, rabin abin da ya rage kuma cikin wata 5,730. Kamar randa ce mai yoyo wadda aka san gudun yoyonta. In ka duba inda ruwa ya tsaya, ka san tun yaushe aka cika ta. Willard Libby ne ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1940. Ba a karɓe ta da ka ba. An gwada ta a kan katakon kaburburan sarakunan Masar waɗanda aka riga aka san zamaninsu, da zobban da ke cikin kututturen tsofaffin itatuwa, zobe ɗaya shekara ɗaya. Inda ta karkace aka daidaita ta. Da wannan awo ne kuma aka tabbatar da tsufan naɗaɗɗun littattafan da aka samu a kogunan bakin Tekun Gishiri daga 1947, har da naɗin Ishaya, mu kuwa mukan yi murna da wannan shaida a kan bagade. Bai dace mu yabi ma'auni ranar da ya goyi bayanmu, mu zage shi ranar da ya faɗi abin da ba mu so ba. Littafin Misalai yana da magana mai zafi a kan mai mudu biyu.

Kabon 14 ba ya wuce kimanin shekara 50,000. Domin duwatsu ana amfani da wasu sinadarai masu jinkirin raguwa, kamar yuraniyom, wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar. Da su aka auna duwatsun Jos, inda yawancin kuzarmu ta fito, aka sami shekara wajen miliyan 160 zuwa 170, duniya kanta kuma wajen biliyan 4 da rabi. A cikin tsakuwar ramukan kuza na Nok, da na Mai Idon Toro a tudun Jos, an sami manyan gatura na dutse waɗanda aka fasa da hannu, ba a wasa su ba, sun girmi gatarin aradu nesa. Irinsu a Kenya da Habasha, inda tokar dutse mai aman wuta ta rufe su har aka iya aunawa, sun wuce shekara miliyan ɗaya da rabi. A arewa kuma, farin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina kusa da Sakkwato cike yake da ɓawon halittun teku, an kuma tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku a ƙasar Goronyo, har aka sa masa sunan garin.

Wani zai ce, ai ruwan tufana na zamanin Nuhu ne ya bar waɗannan. Mutanen da suka fara nazarin duwatsu a Ingila sun yi wannan tunani, da yawansu kuwa limaman ikilisiya ne. Adam Sedgwick, limamin Angilikan kuma malami a Kambirij, ya koyar da haka, sa'an nan a 1831 ya tsaya a gaban taron masana ya janye, domin shimfiɗun ƙasa ba su nuna ambaliya ɗaya ba. Suna jere ne bisa tsari, kowane da irin halittunsa. Ba a taɓa samun ƙashin saniya ko na mutum a shimfiɗa ɗaya da manyan dabbobin nan na Gadufawa a hamadar Nijar ba. Ruwa ɗaya mai hauka da ya gauraya su. Sedgwick ya mutu yana mai bi, kuma bai yarda da Darwin ba; abin da ya ƙi shi ne ya dogara da hujjar da ya ga ta karye.

To, wannan maganar tsufan duniya ce. Sākewar masu rai fa? A nan ma shaidar tana cikin gidajenmu.

Iyaye za su tuna kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa jiki. Shekaru da yawa shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, yana kuwa aiki. Daga baya aka ga yaro ya shanye ƙwayoyinsa duka, zazzaɓi bai sauka ba. Abin da ya faru shi ne, a cikin miliyoyin ƙwayoyin cutar akwai kaɗan da aka haifa da ɗan bambanci a gadonsu, maganin ba ya kashe su. Maganin ya share sauran, waɗannan suka rage suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gāji taurin. An fara ganin haka a Asiya da Amurka ta Kudu a ƙarshen shekarun 1950, ya iso Afirka ta Gabas a 1978, ya bazu zuwa yammaci, har Nijeriya ta sauya zuwa magungunan ACT a 2005. Wannan shi ne abin da Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859: 'ya'ya ba su zama daidai da juna, bambancin ana gadonsa, wanda bambancinsa ya dace da halin da ake ciki shi ne yake barin zuriya. Bayanin ya kuma faɗi abin da zai faru in an daina maganin: masu taurin za su rasa ribarsu. Malawi ta janye kulorokwin a 1993, cikin kimanin shekara goma kuwa ƙwayoyin da maganin yake kashewa suka sāke mamaye ƙasar. Saboda wannan ne ma'aikatan asibiti suke nace mana mu shanye magani har ƙarshe, kada mu sayi rabi a kemis mu tsaya da zarar jiki ya yi sauƙi.

Misali na biyu ya fi taɓa zuciya. Ikilisiyoyi da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai saurayi da budurwa sun kawo takardar gwajin jini. In dukansu AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da S. Me ya sa abu mai kawo wahala haka ya yi yawa a cikinmu, alhali da wuya a same shi a asalin mutanen Ingila? Anthony Allison ya nuna dalilin a 1954 a Afirka ta Gabas: yaro mai AS ya fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani. A ƙasar sauro, masu AS sun fi kaiwa girma su haihu, don haka S ya yawaita. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Nijeriya ne, suka bi sawun wannan canji a cikin DNA suka ƙiyasta ya fara ne a jikin mutum ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce. Dattijon ikilisiya da ya karɓi takardar gwajin nan yana aiki da ilimin gado da zaɓi, ko bai taɓa kiransa da sunan Darwin ba. Wannan ilimi ya kuma sauke wa iyaye mata da yawa kaya, gama a dā in 'ya'ya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, maita ake zargi, ko a ce la'ana ce. Ubangiji da kansa, a Yahaya sura 9, ya ƙi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa.

Masu sauraro da yawa za su ce, mun yarda da wannan, ƙaramin canji ne. Ƙwayar zazzaɓi ba ta zama akuya ba. Inda muke tsayawa shi ne a ce mutum daga biri ya fito. In haka ne, me ya sa har yanzu birai suna cinye mana masara?

Tiyorin bai ce mutum ya fito daga birin da muke gani ba. Mu da muke da harsunanmu za mu fi kowa gane abin da ya ce. Mai jin Numana in ya saurari Ninzo ko Mada yakan tsinci kalmomi da ya sani. Atyap da Agworok da Asholio suna jin juna, Bajju kuma ba su yi nisa da su ba. Ninzo ba daga Mada ya fito ba, Mada ma ba daga Ninzo ba. Dukansu 'ya'yan wani tsohon harshe ne wanda ba mai yinsa yau. Ba kuma wata rana da uwa ta haifi ɗa mai wani harshe dabam da nata. Kowace tsara ta ji ta gabanta sarai, amma da dutse da kogi suka raba mutane, ƙananan canje-canje suka taru har jikoki suka daina jin juna. Masu nazarin harsuna ba su ga wannan da ido ba. Daga kamannin kalmomi suke gane dangantaka. Masu nazarin halitta ma haka suke karanta ƙasusuwa da DNA.

Kuma bayanin ya sa wuyansa a inda za a iya yanke shi. A 1871 Darwin ya ce mai yiwuwa a Afirka za a sami asalin mutum, a lokacin da ba a tono ko ƙashi ɗaya a nan ba. A 1924 aka sami ƙoƙon kan yaron Taung a Afirka ta Kudu. A 1974 aka sami ƙasusuwan da ake kira Lusi a Habasha, mai tafiya da ƙafa biyu, shekara miliyan 3.2. A 2001, a hamadar Jurab ta maƙwabciyarmu Chadi, Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, mai kimanin shekara miliyan 7. Masana har yanzu suna gardama ko da ƙafa biyu ya yi tafiya. Ga kuma wani gwaji. Gadon mutum yana ɗaure cikin dami 23 bibbiyu, na manyan birai irin su cimfanzi kuwa 24. In asali ɗaya ne, dole dami biyu sun haɗe a wani wuri. Da aka duba dami na 2 na mutum, aka ga tabon haɗin a tsakiyarsa.

Masu wa'azi sukan ambaci ƙoƙon kan Piltdown, wanda aka nuna a Ingila a 1912 a matsayin kakan mutum, ashe haɗin ƙarya ne na kan mutum da muƙamuƙin biri. Gaskiya ne, an yi wannan zamba. Amma masu kimiyya ne suka tona ta a 1953, domin ƙoƙon ya ƙi dacewa da abin da ake ta samu a Afirka. In za mu ba da labarin, mu ba da shi duka.

Akwai wani ciwo kuma da ba za mu tsallake ba. A zamanin mulkin mallaka an yi amfani da sunan Darwin aka jera kabilu kamar matakala, Bature a sama, baƙar fata a ƙasa, mutanen kan dutse irin kakanninmu a can ƙarshe. Dattijon da ya ji kalmar biri ransa ya ɓaci yana da dalili. Binciken DNA ya rushe wannan matakala. Dukan mutanen duniya iyali ɗaya ne, bambancin da ke tsakaninmu kaɗan ne ƙwarai, kuma Bature da Basine duk zuriyar mutanen da suka fita daga Afirka ne. Bulus ya faɗa wa mutanen Atina, a Ayyukan Manzanni sura 17, cewa tushen al'ummai duka ɗaya ne.

Yanzu, ina iyakar kimiyya? Tana auna abin da ake iya aunawa, tana bayyana yadda abu yake aukuwa. In wani kamar Richard Dawkins na Ingila ya ce juyin halitta ya nuna babu Allah, ya fita daga ɗakin gwaji ya hau nasa bagade, gama ba awon da zai nuna haka. Mu kanmu mun saba riƙe abu biyu tare ba tare da damuwa ba. Mun san iskar damina tana ɗauko ruwa daga tekun Atilantika, muna jin hasashen hukumar yanayi a rediyo, duk da haka muna yin addu'ar shuka, muna kawo godiyar kaka. Mace tana zuwa awo, ana nuna mata ɗan tayi a na'ura wata bayan wata, ranar suna kuwa muna karanta Zabura 139 muna cewa Allah ne ya siffata shi. Ba wanda ya ce ungozoma ta kori Mahalicci. Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idodin gado da wake a lambunsa ya buga su a 1866, limamin Katolika ne. Haka Georges Lemaître, wanda ya kawo bayanin cewa sararin sama yana faɗaɗa a 1927. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta dukan DNA na mutum har aka kammala a 2003, mai bi ne da yake shaida bangaskiyarsa a fili.

Bari mu koma Farawa da kuka buɗe. Ku duba, akwai maraice da safiya tun rana ta fari, amma sai a rana ta huɗu aka yi rana da wata. Orijen na Iskandariya a Masar ya lura da wannan tun ƙarni na 3. Ku duba kuma sura 2: a can an fara da mutum, sa'an nan gonar, sa'an nan dabbobi, sa'an nan mace, jerin da ya bambanta da na sura 1. Wanda ya rubuta ba mantuwa ya yi ba. Ya ajiye su kusa da juna domin abin da yake koyarwa bai rataya a kan jerin ba. Maƙwabtan Isra'ila suna yi wa rana da wata sujada. Farawa ko sunansu bai kira ba, fitilu ya ce da su, abin da aka rataye domin aiki. Teku da manyan dabbobinta, waɗanda al'ummai suke tsoro, halittu ne kawai. Mutum kuwa, namiji da mace, ba sarki kaɗai ba, yana ɗauke da siffar Allah. Kakanninmu da suka ji wannan a karo na fari, suna zaune cikin tsoron kurmi da dutse da dodo, sun gane saƙon sarai, ba su kuwa tambayi shekarun dutsen Kagoro ba.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da take Aljeriya yau, ya rubuta sharhi a kan Farawa a farkon ƙarni na 5. Ya gargaɗi masu bi kada su yi maganar rashin sani game da ƙasa da taurari da dabbobi suna cewa Nassi ne ya faɗa, domin wanda ba mai bi ba, in ya san abin da kyau, zai yi dariya, ya kuma ƙi gaskata Littafin a kan tashin matattu. Shekara 4004 kafin Almasihu da wasu suke riƙewa ba ta cikin Nassi. Lissafin Akbishop James Ussher na Ailan ne, na 1650, wanda masu buga littafi suka sa a gefen shafi har mutane suka ɗauka aya ce.

Masu bi na gaskiya sun rabu a kan wannan magana, kuma a Kafanchan za ka same su a benci ɗaya. Akwai masu riƙe kwana shida na awa 24 da duniya mai shekara dubu kaɗan. Wannan ra'ayi ya sami sabon ƙarfi ne daga littafin John Whitcomb da Henry Morris na 1961 a Amurka. Akwai masu cewa duniya ta tsufa, kwanakin kuwa zamanai ne masu tsawo. William Jennings Bryan, wanda ya tsaya gāba da koyar da juyin halitta a shari'ar Scopes ta 1925, ya amsa a gaban kotu cewa kwanakin suna iya zama dogayen zamanai. Akwai kuma masu cewa juyin halitta hanya ce da Allah ya yi aiki da ita. B. B. Warfield na Princeton, babban mai kāre cewa Nassi ba shi da kuskure, ya bar wa wannan ƙofa, Paparoma Yahaya Bulus na Biyu kuma ya ce a 1996 juyin halitta ya wuce matsayin hasashe. A ganinmu, ra'ayi na fari yana ɗauke da kaya mafi nauyi, gama sai ya ƙaryata awon duwatsu da na taurari da na jini gaba ɗaya. Muna girmama 'yan'uwan da suke riƙe da shi saboda ƙaunar Maganar Allah, amma ba za mu ɗaure ceton yaro a jikinsa ba. Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da muke furtawa ta ce Allah ne Mahaliccin sama da ƙasa, ba ta ba da adadin shekaru ba.

Wannan bai share dukan wuya ba. Wurin da ya fi tsauri shi ne Adamu. Bulus a Romawa sura 5 ya kafa Adamu da Almasihu fuska da fuska, ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo, mutuwa kuma ta bi shi. Ƙasusuwan Goronyo da Gadufawa kuwa suna nuna dabbobi suna mutuwa tun kafin a yi mutum, masu nazarin DNA kuma suna cewa kakannin 'yan adam taro ne na dubbai. John Stott, malamin Angilikan wanda fastocinmu da yawa suka karanta littattafansa, ya riƙe cewa Adamu mutum ne na tarihi wanda Allah ya sa wa siffarsa, ko da akwai masu kama da mutum kafinsa. Waɗansu suna cewa mutuwar da Bulus yake nufi ita ce ta mutum da rabuwarsa da Allah, gama Adamu bai faɗi matacce a ranar da ya ci 'ya'yan itacen ba. Waɗansu kuma ba su gamsu da ko ɗaya ba, suna ganin an matsa wa ayar.

Wannan tana bukatar lokacinta. Kafin mu sāke saduwa, ku karanta Romawa 5:12-21 da 1 Korantiyawa 15:20-49 a sujadar iyali, da Hausa, da harshenku kuma in an riga an juya Sabon Alkawari cikinsa. Ku bar ɗan sakandaren gidan ya kawo littafinsa na bayoloji ya karanta muku babin da bakinsa, ya fassara wa kaka. Daga aya ta 12 za mu ɗauka a magana ta gaba.